Yadda Ake Zanen Fuskar Zaure

Masu zane a Turai sun fara barin surar mutum suna wasa da layi da launi zalla a wajajen 1910. Maginan ƙasar Hausa kuwa sun daɗe da wannan hanya. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya ga shaida. Ga yadda magini a Dutsi ta jihar Katsina yake fitar da irin wannan ado a fuskar zaure.

Aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona rumbu. Da farko a haƙo jar ƙasa, a tsince tsakuwa, a zuba yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a tattake da ƙafa. Sai a bar kwaɓin ya kwana biyu ya tsima, don kada ya tsage in ya sha rana.

Ranar aiki a yayyafa wa bango ruwa, a yi yaɓe mai kauri. Gwani ba ya yaɓe fiye da abin da zai gama a yinin, domin da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: ƙasa in ta bushe ba ta karɓar zane.

Nan ne gwanintar take. Ba takarda, ba ma'auni. Da yatsa ko tsinke yake fara kewaye ƙofa, sannan ya ɗaura dagi a samanta, layi ya bi ta kan ɗan'uwansa, ya nutse ta ƙarƙashin na gaba, har ya koma inda ya faro. Yakan sauko daga tsani ya ja baya ya duba, dama ta yi daidai da hagu. Daga nan ya sa wuƙa ya kwashe ƙasar da ke tsakanin layuka, zanen ya taso, ya shafe gefensa da jiƙaƙƙen hannu.

In ya bushe, a shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta kare shi daga ruwan damina. A ƙarshe farar ƙasa da shuni su raba layi da layi, ko fenti a bangon siminti.

Yaron da ke miƙa kwaɓi daga ƙasa yana kallon yatsan maigidansa. Ta haka ake gadon dagi, don haka a bar shi kusa da tsani.