Kafin a sa wa rufin mota injin yanka

Lokacin da nake IT a wani gareji, wani matashi ya kawo motarsa mai ƙofa biyu, ya ce a yanke rufin da ke saman kujerun gaba, a mayar da shi na cirewa don ya riƙa shan iska. Ogana bai yi musu ba. Bayan sati biyu sai ga motar ta dawo: ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, gilashin gaba kuma ya tsage.

In kuna son ganin dalili, ku samu kwalin takalmi. Da marfinsa a kai, da ƙyar za ku murɗa shi. Ku cire marfin ku sake gwadawa, sai ya lanƙwashe kamar ba shi ba. Yawancin ƙananan motoci haka suke. Ba su da ƙashin ƙarfe daban a ƙasa irin na Hilux, bodin ne ke ɗaukar komai, rufin kuwa shi ne marfin. Duk ramin da taya ɗaya ta faɗa, bodin sai ya murɗe.

Kamfanoni sun san da haka. Da Porsche ya nuna 911 Targa a 1965, ya sa faffaɗan baka na ƙarfe a bayan kujeru saboda kifewa. Corvette ta 1968 kuwa an bar mata sanda a tsakiya, rufin ya rabu gida biyu.

To in dole sai an yi, kada a fara da yanka. A fara walda sanduna na wucin gadi a bakin ƙofofin don bodin ya tsaya yadda yake. A ƙara kauri a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, a zagaye bakin ramin da firam, a sa baka a baya. Makullan rufin su zama masu ƙarfi, domin iskar gudu ɗaga shi take yi. Sai roba da magudanar ruwa, wanda nan ne masu waldarmu suka fi sakaci. Damina ɗaya ta isa ta ruɓar da kafet, tsatsa ta ci ƙasan motar.

Motar da ke da jakar iska a gefen rufi kuwa, ni dai ba zan taɓa ta ba, ko nawa aka ba ni.