Amsoshin Tambayoyinku: Sayar da gida ta intanet a Ingila da takardar shaidar makamashi

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya yana neman bayani kan yadda ake sayar da gida a Ingila ta hannun dillalan intanet, da kuma takardar makamashi da ake buƙata.

Dillalin intanet, irin su kamfanin Purplebricks, shi ne wanda ke tallata gida a shafuka kamar Rightmove da Zoopla, kuma yawanci yakan yanke kuɗin aikinsa tun farko, ko gidan ya sayu ko bai sayu ba, saɓanin dillalin da aka saba da shi wanda ke karɓar la'ada daga cikin kuɗin ciniki bayan an kammala.

Ita kuwa takardar, wadda ake kira EPC, an fara aiki da ita a Ingila da Wales a shekarar 2007, kuma doka ta wajabta wa mai gida ya nemi a yi masa ita kafin ya sa gidan a kasuwa. Jami'i mai lasisi ne ke zuwa ya duba bango da rufi da tagogi da na'urar ɗumama ɗaki, sannan ya ba gidan matsayi daga A, wato mafi tsimin makamashi, zuwa G, wato mafi ɓarna, tare da shawarwarin gyara. Takardar tana aiki har shekara 10, don haka ya kamata mai gida ya fara duba rajistar gwamnati, domin wataƙila tsohuwar takardar gidansa ba ta ƙare ba.