Darasi na Bakwai: Matsayin Labari da Hoto a Finafinan Ƙagaggen Kimiyya

7.1 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba wata matsala da manazarta suka daɗe suna tattaunawa, wato yadda ƙawar hoto kan danne labari a finafinan ƙagaggen kimiyya na zamani. Ana sa ran ɗalibi ya iya auna fim da ma'aunin adabi: jigo da zubi da tsari da taurari da salo.

7.2 Ma'ana da Tarihi

Fim ɗin ƙagaggen kimiyya shi ne wanda aka gina a kan hasashen abin da ilimin kimiyya zai iya haifarwa, kamar tafiya sararin samaniya ko mutum-mutumi mai tunani. A adabin Hausa, littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969) ya taɓo irin wannan jigo. Tun farko wannan nau'i ya dogara da dabarun hoto, kamar yadda aka gani a Le Voyage dans la Lune na Georges Méliès (Faransa, 1902) da Metropolis na Fritz Lang (Jamus, 1927). Ke nan hoto ba laifi ba ne. Laifin yakan taso ne idan ya zauna a mazaunin labari.

7.3 Ma'aunin Aristotal

Masanin nan na Girka, Aristotal, ya kasa wasan kwaikwayo gida shida: zubin labari, halayen taurari, tunani, harshe, waƙa, da ƙawar gani. Ya sanya zubin labari a gaba, ƙawar gani kuwa a ƙarshe. Hujjarsa ita ce, labari mai kyau yana motsa zuciya ko da karanta shi aka yi.

7.4 Misalai

Fim ɗin Avatar na James Cameron (2009) ya tara fiye da dala biliyan 2.7 a fitowarsa ta farko. Ya ci lambobin Oscar guda 3, dukkansu a fannin hoto da ƙawa, amma bai shiga takarar rubutun labari ba. Masu sharhi da dama sun nuna cewa zubinsa ya yi kama da na Dances with Wolves (1990): sojan da ya shiga cikin wata al'umma, daga bisani ya koma ɓangarenta. Haka kuma Valerian na Luc Besson (2017) ya sha yabo a kan kyawun hoto, ya sha suka a kan raunin taurari, kuma bai yi kasuwar da aka zata ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Arrival na Denis Villeneuve (2016), wanda aka ɗauko daga gajeren labarin Ted Chiang na 1998. Tauraruwarsa masaniyar harshe ce da aka ɗora wa aikin gano harshen baƙin halittu. An gina rikicin a kan ra'in Sapir da Whorf, wanda ke cewa harshe yana tasiri a kan tunani. A nan hoto hidima ya yi wa jigo.

7.5 Dalilan Matsalar

1. Tsadar shiri: idan an zuba kuɗi masu yawa, kamfani kan ji tsoron sabon labari, sai ya koma wa zubin da aka saba.
2. Kasuwar duniya: fashewa da faɗa ba su buƙatar fassara, alhali zance mai zurfi yana buƙata.
3. Sauƙin kwamfuta: tun bayan Jurassic Park (1993), ƙirƙirar hoto ta yi ta sauƙi, har akan tsara fitowa don nuna gwaninta kawai.

7.6 Kammalawa

Kyan ɗan maciji ba ya hana shi sara. Haka kyan hoto ba ya rufe raunin labari. Tambayar da ta kamaci manazarci ita ce: idan aka cire wannan fitowa, me labarin zai rasa? Idan babu, ado ce kurum.

7.7 Auna Fahimta

1. Kawo sassa shida na wasan kwaikwayo a ra'ayin Aristotal.
2. Kwatanta Avatar da Arrival ta fuskar jigo.
3. Zaɓi fim ɗin Hausa guda, ka auna shi da tambayar da ke 7.6.