Darasi: Yadda Za Mu Saita Agogon Rediyonmu

A wani zama da muka yi da wakilan ƙauyuka a Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, mun roƙi duk wanda ya zo da ƙaramin rediyo ya ɗora shi a kan tebur. Da muka duba, yawancin masu agogo a jiki ba su nuna lokaci daidai. Waɗansu suna ta ƙyafta 0:00 tun ranar da aka sayo su. Wani dattijo ya ce yakan kunna nasa tun asuba ya bar shi yana ta magana, don kada labarai su wuce shi. Shi ya sa batirinsa ba ya daɗewa.

'Yan'uwa, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Kuɗin batir daga bakin abincin gida yake fitowa. Ta rediyo ne kuma muke jin farashin hatsi, da ranar rigakafi, da gargaɗin ruwa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 a yankin Goronyo da bakin gulbin Rima sun san darajar labarin da ya iso a kan lokaci.

Mene ne GMT?

Kullum muna jin mai gabatarwa yana cewa ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, wato kaza agogon GMT da Ghana. Ga dalili. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, saboda haka rana ba ta fitowa ko'ina a lokaci guda. Ko a cikin ƙasarmu, takan riga fitowa a Maiduguri da kimanin rabin awa kafin Sakkwato. A 1884 ƙasashe suka taru a Washington ta Amurka, suka amince a riƙa aunawa daga Greenwich, wata unguwa a Landan. Lokacin wurin shi ne GMT. A jadawalin tashoshi za mu ga an rubuta UTC. A wurin mai sauraro duk ɗaya ne.

Tun 1919 agogon Najeriya yake gaba da GMT da awa ɗaya. Haka yake a Nijar, da Kamaru, da Chadi. Ƙa'idar ke nan: mu ƙara awa ɗaya a kan GMT. Sashen Hausa na BBC, wanda ya soma aiki a 1957, yana da shiri a 05:30 GMT, wato 6:30 na safe a wurinmu. Na 19:30 GMT kuwa shi ne 8:30 na dare.

Mu lura: mutanen Ingila sukan tura agogonsu gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, amma GMT ba ya motsi, namu ma ba ya motsi. Kada mu taɓa agogonmu saboda su.

Matakan saitawa

Rediyoyi sun sha bamban, amma yawancinsu hanya ɗaya suke bi.

1. Mu sa batir mai ƙarfi, mu kashe rediyon. Da yawa ba su karɓar saiti sai suna a kashe.

2. Mu nemi maɓallin da aka rubuta TIME, ko CLOCK, ko SET. Mu danna mu riƙe har lambar awa ta fara ƙyaftawa.

3. Mu murɗa abin neman tasha, ko mu danna maɓallin sama da ƙasa, har awa ta yi daidai. A waɗansu, sai an riƙe TIME da yatsa ɗaya ana danna HOUR da ɗayan.

4. Mu sake dannawa domin minti, mu gyara shi haka nan. A ƙarshe mu danna sau ɗaya domin ya zauna. Idan muka yi jinkiri, ƙyaftawar za ta tsaya, sai mu koma mataki na 2.

5. Mu duba irin ƙidayar. Idan agogon na awa 24 ne, bayan azahar mu ƙara 12: ƙarfe 3 na rana shi ne 15:00, ƙarfe 8:30 na dare kuma 20:30. Idan na awa 12 ne, AM na safe ne, PM na yamma da dare.

Idan rediyon yana da agogo biyu, mu sa ɗaya a lokacin gida, ɗayan a GMT. Idan ɗaya ne kawai, shawararmu ita ce a bar shi a lokacin gida, a rubuta lokutan shirye-shirye a takarda a manna a bango.

Ina za mu sami lokaci na gaskiya?

Wayar hannu mai sabis takan nuna daidai. Inda babu sabis, rediyon kansa zai taimake mu. Tun 1924 BBC take kaɗa 'yar ƙara sau shida a cikar awa, kuma ana jin ta a shirye-shiryenta na Turanci. Ta shida ta fi tsawo, farkonta shi ne cikar awa. Mu shirya minti a kan 00 a agogon hannu ko na wani rediyon, da jin ta shida sai mu danna. Kada mu dogara ga inuwa: a Sakkwato rana ba ta kaiwa tsaka sai wajen ɗaya saura minti 20.

Lokaci da mita

Muryar gajeren zango takan hau sama, ta bugi wani sashen iska mai nisa, ta dawo ƙasa. Hasken rana yana canza wannan sashen. Shi ya sa da rana mita 16 da 19 suka fi kamawa, da dare kuwa mita 31, 41 da 49. Manyan tashoshi sukan sake mitocinsu a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Idan tasha ta ɓace a waɗannan makonni, kada mu ce rediyo ya lalace. Mu ja eriya, mu nema a hankali.

Kula da batir

Cire batir yakan share agogon. Mu ajiye sababbi a kusa kafin mu buɗe murfin, mu canza da sauri, sa'an nan mu duba lokaci. Maɓallin ALARM zai kunna rediyon a lokacin shiri, SLEEP kuma zai kashe shi idan barci ya ɗauke mu.

Domin tattaunawa

1. Shirin da ake yi a 14:00 GMT, ƙarfe nawa ke nan a ƙauyenmu?

2. Batir nawa gidanmu yake ci a wata? Nawa za mu rage idan muna kunnawa a lokacin shiri kaɗai?

3. Su wane ne tsofaffi da masu raunin ido a cikinmu? Wane matashi ne zai zaga ya saita musu a wannan mako?

A taro na gaba kowa ya zo da rediyonsa. Wanda ya iya ya koya wa mutum biyu.