Gidan Tarihi na Yamai

A birnin Yamai, kusa da kogin Kwara, akwai wani babban gida inda ake ajiye kayan tarihin ƙasar Nijar. An buɗe shi cikin shekarar 1959, watau tun ƙasar ba ta sami mulkin kai ba. Daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, wani malamin makaranta mai rubuta littattafai, wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kafa shi. In tsofaffi suka shuɗe, kayansu suka lalace, jikoki za su tashi ba su san asalinsu ba.

Gidan yana da ɗakuna da yawa. A wani ɗaki an jera tufafin Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari. A wani kuma akwai ganguna da goge da algaita. Har da zakuna da dorina masu rai ake kiwo a filin gidan.

Akwai kuma ƙasusuwan waɗansu manyan dabbobi da ake kira dainoso, da na wani ƙaton kada. An tono su a Gadufawa, cikin hamadar Tenere. Masana sun ce dabbobin nan sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Kada kuwa ba ya zama sai wurin ruwa. Ashe inda rairayi ya rufe yau, a dā koguna ne.

Daga hamadar nan kuma aka kawo wani busasshen itacen ƙaya. Dā yana tsaye shi kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Saiwoyinsa sun nutsa fiye da mita 30 cikin ƙasa neman ruwa. Matafiya ba su taɓa saransa don hura wuta ba, gama shi ne alamar hanyarsu. Amma a shekarar 1973 wata mota ta buge shi ya faɗi. Aka ɗauko shi aka gina masa rumfa a gidan nan, don na baya su gani.

Ba ajiya kaɗai ake yi a gidan ba, har da koyarwa. Maƙera da dukawa da masaƙa suna zaune suna aikinsu a gaban jama'a, yara suna kallo suna koyo. Malamai kuma sukan kawo 'yan makaranta. Yaron da ya ji labarin kadan nan a aji yana iya shakka, amma in ya tsaya gaban haƙoransa, shakka ta ƙare. Gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Don me aka kafa gidan nan?
2. Me ƙasusuwan kada suka nuna game da hamada?
3. Me ya hana matafiya sare itacen Tenere?