Filin Shawarwari: Mama Ta Ƙi Cin Kalifulawa

Anti, mahaifiyata na fama da ciwon suga. A asibiti an hana ta kayan fulawa, aka ce ta yawaita ganyaye, har aka ambaci kalifulawa. Na sayo na dafa, amma da ta ji sunan sai ta ture kwano, wai ba za a hana ta fulawa ta ƙofa a shigo mata da ita ta taga ba. Don Allah mene ne asalin sunan nan, kuma yaya zan shawo kanta?

Daga ƙanwarki a Zariya.

Ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri.

Mama ba ta yi laifi ba. Bahaushe kan ce fulawa ga garin alkama, ya kuma ce fulawa ga furen ado. Ta kalifulawa ta fure ce. Sunan ya samo asali daga Italiyanci, inda aka haɗa kalmar kabeji da ta fure, dukansu kuwa daga Latin suka gangaro. Ma'anarsa dai furen kabeji. Haka Faransawa da Jamusawa da mutanen Indiya suka raɗa masa a harsunansu, Larabawan Sham kuma sukan ce zahra, wato fure. Masana tsirrai na Andalus, Ibn al-Awwam da Ibn al-Baitar, sun ambace shi tun ƙarni na 12 da na 13.

Sunan bai yi ƙarya ba. Jinsinsu ɗaya da kabeji, farin dunƙulen nan kuma tohon fure ne da bai buɗe ba. Manoma kan lulluɓe shi da ganyensa don kada rana ta sauya masa launi. Yana son sanyi, shi ya sa yake yi sosai a Jos.

A giram 100 na kalifulawa, sinadarin da ke komawa suga a jiki bai wuce giram 5 ba, alhali a garin alkama ya haura 70.

Shawarata, ki daina kiransa da wannan suna a gabanta, ki ce farin kabeji. Ki kai mata shi ɗanye da ganyensa ta gani da idonta. Ki jiƙa shi a ruwan gishiri, ki turara shi sama-sama, ki sa a miyar da ta fi so. Kada ki yi mata gardama. Ranar komawa asibiti, ki roƙi likita ya faɗa mata da bakinsa, ta kuma ci gaba da shan maganinta.