Amsar Tambaya: Kumburin ƙafa bayan ɗori

Wani mai karatu daga Dannet ya ce ya faɗi da babur, an yi masa ɗori, yau kwana goma ƙafar na kumbura tana zogi.

Sannu da jiki, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Fara da duban yatsun ƙafar. Danna farcen babban yatsa, ka saki. In jan bai dawo nan take ba, ko yatsun sun yi sanyi, sun mutu, to ɗaurin ya matse jini. A sassauta shi yanzu, a nufi asibitin Arlit. Ban raina gwanintar maɗora ba, amma karan ɗori da aka ɗaure tamau ya sha jawo yanke ƙafa.

In yatsun lafiya lau suke, kwanta ka ɗora ƙafar kan matasai har ta ɗara ƙirjinka tsawo. Zama kan kujera ƙafa na reto shi ke tara ruwa a ƙafar. Ƙanƙara tana wuya a ƙauye, sai ka jiƙa tsumma da ruwan salka ko na randa, ka ɗora inda babu ɗauri, minti 15 zuwa 20. Riƙa motsa yatsun. Paracetamol ya isa, kada ya wuce giram 4 a yini. Mai gyambon ciki ya guji ibuprofen.

Idan sha-raɓar ta kumbura, ta yi zafi da tauri, kada a murza ta, ƙila jini ne ya daskare a jijiya. In numfashi ya fara yi maka wuya, a nemi mota zuwa asibiti ko da tsakar dare ne.